Ranar da Na Wanke Kwalaben Yaya

Yayata ta yi shekara goma sha tara a ɗakin gwaji na wani kamfanin haƙar mai, har ma'aikata suka laƙaba mata Uwar Kwalabe. Matsoraciya ce ta gaske. Ko ƙadangare ya faɗo daga taga sai ta dafe ƙirji, mu kuwa mu yi ta yi mata dariya.

Man wurin kauri gare shi kamar kwalta, ba ya fitowa ta daɗi sai an tura ruwa da wani sinadari ɗan'uwan sabulu cikin rijiyar. Yaya ta ce kowace ƙwayar sinadarin kanta na son ruwa, wutsiyarta na son mai, shi ya sa take tsayawa tsakaninsu ta haɗa su. In ruwan da man sun fito kuma, sai an raba su da wani magani, shi ma dangin sabulu ne. Aikinta ke nan: ta zuba man a kwalabe, ta ɗiga maganin, ta girgiza, ta zauna tana kallon ruwa yana kwantawa a ƙasa, sannan ta rubuta adadin da za a zuba a babban tanki. In maganin ya yi kaɗan, ruwa zai ɓuya a cikin man. Da an hura wa tankin wuta sai ruwan ya zama tururi, man ya yi ambaliya da zafinsa a kan duk wanda ke kusa. Wanda ke kusa kuwa mijina ne, shi ke kula da wutar.

Ita ta samo mini aikin shara a wurin. Ta ce kada in taɓa kwalabenta, ba ta faɗi dalili ba, na ɗauka iyayi ne kawai. Ni kuwa da ƙazanta ba ma ga maciji. Wata Talata da sassafe na ga kwalaben sun yi dishi-dishi, na ɗauko sabulun wanke-wanke mai ƙamshin lemo, na dirje su tas na kife.

Ranar ruwa ya rabu da mai da wuri, har ta yi mamaki. Ta rubuta rabin abin da ta saba, ta aika.

Wajen ƙarfe ɗaya ta ɗauki wata kwalba da ba a yi amfani da ita ba, ta kai hanci.

"Ke, da me kika wanke waɗannan?"

Na faɗa mata, har da ɗan murmushina. Ta ɗauki waya ta kira masu tanki, tana cewa ragowar sabuluna ne ya raba ruwan, ba maganin ba, kuma a tanki babu sabuluna. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta cire takalmi ta fita da gudu, na bi ta.

Tun daga nesa muka ji tankin yana ruri. Ni na tsaya a bakin shingen waya ina salati. Yaya kuwa, mai tsoron ƙadangare, ta wuce har gindinsa tana ihu a kashe wuta. Na ga mijina ya juyo, ya murɗa makunnin, ta finciko rigarsa. Baƙin mai ya tumbatso daga sama yana hayaƙi, ya malale daidai inda mijina yake tsaye ɗazu.

Yaya ta zauna a ƙasa ta yi amai. Ga manaja ta ce laifinta ne, ita ce ba ta shinshina kwalaben ba. Sunana bai fito daga bakinta ba, har yau kuma ba ta yi mini faɗa ba. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Da yamma mijina ya dawo yana ba yara labari yana dariya, wai ashe yayar mamarsu ta iya gudu. Ya miƙo mini wandon aikinsa, ƙafar duk ɗigon mai, wani wurin har ya ƙone.

"Ki sa masa sabulu sosai," in ji shi.

Na karɓa na tsuguna a bakin famfo. Sai da ruwa ya cika bokiti ya malale, ban iya ɗaukar sabulun ba.