Ɗakin Iya Mairo da Simintin Alhaji Garba

Malam Sadiƙu maƙwabcina ne a Ƙofar Kuyambana, katanga ɗaya ce tsakaninmu. A gidan nan aka haife shi. Yana saurayi mahaifinsu ya rasu, magada suka yi yawa, gida ya ƙi rabuwa sai da aka sayar. Ya ɗauki mahaifiyarsa, Iya Mairo, suka koma haya a Kufena, ya yi aikin akawu a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsantseni, wanda ko kujera ce ta fara girgiɗi ba zai taɓa ta ba, sai ya kira kafinta. Tsufa ya ci idon Iya Mairo, daga nan ba ta da wata magana sai ɗaya: a mayar da ita ɗakinta na cikin gari, wanda ta yaɓe cikinsa da hannunta tana amarya, ta cika a can. Da gidan ya sake fitowa kasuwa, Sadiƙu ya tattara abin da yake da shi ya saya.

Wanda ya zauna a gidan a tsakani shi ne Alhaji Garba, dillalin kayan mota. Ban taɓa ganin mutum mai raina sana'ar mutane irinsa ba. A wurinsa magini ɓarawo ne, mai gyaran wuta macuci, mai aikin famfo kuwa ba a magana. Komai shi zai yi da kansa, da singileti da hula a karkace, yana yi yana ba mu lacca ta kan katanga. Gida ne na ƙasa, ginin tubali da rufin azara, irin wanda ake bi da yaɓe duk shekara kafin damina. Alhaji ya ce yaɓe aikin ƙauye ne. Ya kwaɓa siminti ya lafta wa bangon ƙasa ciki da waje, ya bi da fenti ruwan hoda. Indararon da ke zubar da ruwan soro kuwa ya toshe shi da siminti, wai yana fantsama wa motarsa ruwa. Na tambaye shi ina ruwan zai bi, ya ce zai nemi hanya. Ya kuwa nema.

Satin farko Sadiƙu yana dariya. Ya kira ni in ga famfon banɗaki da ke jan mutum da wuta idan aka kunna fankar falo. Wayoyin wuta an murɗe su an ɗaure da ledar burodi. Bututun ruwan wanka an ɗora shi yana hawa tudu, ƙofar kicin an kafa ta sama a ƙasa, sai mutum ya yi ɗage zai kai sakata. Akwai tagar da Alhaji ya fasa daidai ƙarƙashin azara, ya tokare da ƙarfen gado. Sadiƙu ya ce da Alhaji likita ne da ya ƙarar da unguwa. Duk wanda ya shigo sai ya zagaya da shi yana nunawa, yana tsine wa gyaran ganin dama.

Dariya ta ƙare ranar da ya kawo Audu, tsohon maginin ƙasa, ya duba ɗakin Iya. Audu ya ƙwanƙwasa bango, ya yi ƙara kamar ganga. Da aka ɓamɓare simintin, sai ga ƙasar ciki jiƙe sharaf, tana zuba kamar tsaki. Shekara da shekaru ruwan soro yana sauka cikin bango, siminti ya hana shi bushewa. Bangon gabas ya cinye har rabi, zanen yatsun Iya na yaɓen farko duk ya bi simintin ya tafi. Audu ya ce gyara yana yiwuwa, amma sai an kwaɓa ƙasa an bar ta ta ruɓa, an yi tubali ya bushe a rana, ga shi kuwa damina ta kankama. Sai dai a buɗe indararo, a tokare azara, a jira rani.

Sadiƙu ya yarda zai jira. Jikin Iya ne ya ƙi. Ta daina cin abinci sai kunu, kullum ya koma Kufena tambayarta ke nan, an gama? Ya ce saura kaɗan, ta ce ita ma saura kaɗan. Matarsa Zakiyya ta faɗa masa gaskiya, tsohuwar nan ba za ta ga rani ba. Ya koma wurin Audu ya roƙe shi ya rufe bangon ko ta yaya. Audu ya ce shi ba zai ɗora komai a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, ya ɗauki kekensa ya tafi.

Wata Asabar da hantsi na ji ƙarar shebur. Na leƙa, sai ga Malam Sadiƙu ya naɗe hannun riga yana kwaɓa siminti a tsakar gida. Ya cusa ɓaraguzai a ramin bango, ya lafta siminti a kai da guntun katako, yana zamewa yana ƙarawa. Aikin ya fito tudu da kwari, wallahi na Alhaji Garba ya fi shi kyan gani. Ya ɗago muka haɗa ido. Tausayinsa ya kama ni, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

Da simintin ya ɗan sha iska aka kawo Iya a bayan a-daidaita-sahu. Tun daga zaure ta ce a sauke ta, ta san hanya. Tana dafa bango tana ja da ƙafa, muna biye, har ta shiga ɗakin da kanta. Ta tsaya tana shaƙar iska, ta ce nan ne, ta yi hamdala. Sannan ta miƙa hannu wajen bangon gabas tana lalube. Hannun ya hau tudu ya faɗa kwari, ya dawo, ya sake bi. Fuskarta ta canza.

Ta ce, “Sadiƙu, wa ya yi wa ɗakina haka?”

Zakiyya ce ta yi karaf ta ce ai mutumin da ya zauna a gidan ne.

Iya ta goge tafinta a zane, ta ce, “Wanda ya yi wannan bai san darajar gidan mutane ba. Ni dai ban yafe masa ba.”

Ta juyo da fuska inda take jin numfashin ɗanta, tana jiran ya taya ta. Sadiƙu ya ɓoye hannuwansa da siminti ya tsattsage a cikin aljihun riga, ya ce, “Gaskiyarki, Iya.”

A ɗakin ta rasu kafin damina ta ɗauke, kuma ba ta janye maganar ba, don babu wanda ya iya faɗa mata.