Ranar da Inna Tsahara ta shiga rumbu

Ranar wata Laraba bayan an gama ɗaure gero, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, motar sarki ta tsaya a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Baoudetta, ba tare da an aiko ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe wa kakata, Inna Tsahara, ƙwayar yakuwa, ita kuma hannunta dumu-dumu cikin daudawar batso. Da ta ji an ce sarki ne, sai ta yar da muciya ta yi bayan ɗaki da gudun da ban taɓa sanin tana da shi ba.

Inna ita ce ta haifi babana da Gwaggo Rabi, matar sarki. Mutanen Issawane ne iyayenta, masu haƙar rijiya, yunwa ta koro su kudu tana goye. Da batso ta ci da 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu, kuma auren sarauta bai sa ta ajiye tukunya ba. An aiko mata da atamfofi, ta jibge su a adaka; an ce ta koma gari, ta ce wa zai kula da awakinta. Abu guda ta riƙe kamar ranta: tun da aka ɗaura auren, surukinta bai taɓa ganin fuskarta ba. Takan ce, "Talaka ba shi da rawani, kunya ita ce rawaninsa."

Aka shimfiɗa wa sarki tabarma a gindin bishiyar bedi, daidai gaban rumbunmu, ya ce ya zo gaida Inna ne. Aka duba ɗaki, aka duba makwabta, babu ita. Babana, don ya rufe jiran, ya ce a dama wa baƙi fura da sabon gero. Ya jingina tsani, ya ɗaga jinkar rumbu, sai ya sandare. A wurinmu mace ba ta ko leƙa rumbun gandu, balle ta shiga, ga kuma uwarsa durƙushe a kan dammuna, ƙaiƙayi har gira.

"Ruhe, kai, ruhe!" in ji ta, amma jinkar ta riga ta suɓuce ta faɗi ƙasa, tari kuma ya ci ƙarfinta.

Haka aka sauko da ita a gaban fadawa da yaran unguwa, kallabi a karkace, tana warin batso. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sarki kuwa ya miƙe da sauri, ya juya mata baya, ya ja rawani ya rufe idonsa, ya fita ba takalmi. Inna ta yi mako ba ta leƙa ƙofar gida ba, ni ma na sha tsiya a lakwal, ana kirana jikar mai rumbu. Takalman suna ɗakinta har ta rasu, don ba wanda ya iya zuwa karɓa, ba wanda ya iya mayarwa.

Yanzu ina Tessaoua, na aurar da 'yata. Mijinta yakan kira ni a waya ta bidiyo, fuska da fuska, yana tauna abinci yana ce mini Mama, ni kuma ina dariya ina tambayarsa aiki. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa. Amma duk sanda na kashe wayar, Inna nake tunawa, sai in ji hannuna ya kai ga mayafi.