Glenys Ormerod da Kwat ɗin Aro

Kafin a buɗe ƙofar kotun majistare ta garinmu, Glenys Ormerod ta riga ta ɗora ruwan zafi. Ta goge kantar shayinta da ke zauren jira, ta jera kofuna, sannan ta buɗe kabad ɗin tsintsiya ta kakkaɓe kwat guda uku da take ratayewa a ciki. Babu wanda ya sa ta wannan aiki. Shayi aka ɗauke ta ta sayar.

Ta daɗe tana kallon samarin unguwar talakawa ta gidajen hayar hukuma suna shigowa ranar shari'arsu cikin kayan motsa jiki, riga mai hula, kambas fari tas, da hana-salla. A unguwarsu wannan shi ne kwalliya, shi ake sawa ranar biki da ranar jana'iza. Yaro ya sa mafi tsadar abin da ya mallaka don ya girmama kotu, alƙalai kuma su ga ɗan iska da ya zo raina su. Glenys 'yar unguwar ce, ta san duka biyun.

Masu gadin kotun har yanzu suna ba da labarin Reece Duckworth. Ya fasa wa wani haƙori a tashar bas, ya amsa laifi, ranar hukunci ta zo. Lauyansa ya ce abin yana iya faɗawa ko'ina, gida ko kurkuku. Reece ya iso cikin sabbin kaya farare, uwarsa Tracey na biye da shi tana cire masa zare a kafaɗa, don ita ta sayo su saboda wannan rana.

Glenys ta miƙa masa shayi, ta ɗora masa kwat a kan kantar shayin. Ya tambaye ta ko gawar wa ta tuɓe wa. Tracey ta tashi da faɗa, ta ce ɗanta ba mabaraci ba ne, kayan jikinsa sun fi na lauyan nan tsada, a je a tambaya.

"Na san sun fi," in ji Glenys. "Amma can ciki ba tsada suke gani ba, unguwarku suke gani. Kina son ya kwana a gida yau ko kuwa?"

Tracey ta juya ga ɗanta. Ita da kanta ta zuge masa rigar, ta naɗe ta a hammata. Hannun kwat ɗin bai kai masa wuyan hannu ba. Ya shiga gaban alƙalai a haka, kamar wanda aka ɗaure.

Maimakon kurkuku, an ba shi aikin gyaran gari da gargaɗi. Babbar alƙaliyar har ta ce ta lura ya ɗauki lamarin da muhimmanci. Da ya fito bai yi murna ba. Ya tuɓe kwat ɗin ya jefa kan kofuna.

"Iya, kwat ɗinki suka saki, ba ni ba."

"Na sani, ɗana," ta ce. "Kama hannun uwarka ku tafi."

Bai gode ba, ba ta kuma jira godiya ba. Ta rataye kwat ɗin, ta wanke kofunan da suka zube. Ba kowa kwat ya ceta ba. Wasu an wuce da su kurkuku da shi a jikinsu, sai ta nemo wani a shagon gwanjo.

Glenys, ke ce mai rufa asirin 'ya'yan da gari ya yanke wa hukunci tun daga bakin ƙofa. Ba ki taɓa ce musu abin daidai ne ba. Kin dai san wanda ke riƙe da mabuɗi.

Ƙarshen watan nan Glenys za ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun gaji. Za a kafa injin shayi inda kantarta take, an kuma ce ta kwashe kayan kabad. Mun gode, Glenys. Duk mai kwat ɗin da ba ya sawa, ya nemi wanda zai riƙe wa yaran shi a zauren nan. Masu zama kan kujerar shari'a kuwa, daga wata mai zuwa yaran za su riƙa shigo muku da kayansu na gaskiya. Ku dubi fuskarsu.