Malam Gwadabe Tafinta da Tambaya ta Uku

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Gwadabe Tanko a gidansa da ke Sheshe, cikin birnin Kano, yana da shekara saba'in da huɗu. An sallace shi bayan la'asar a ƙofar gida. Ina Abuja, a harabar kotu, saƙon 'yarsa Khadijat ya same ni, kuma kafin in kamo hanya an riga an kai shi makwancinsa. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Duk wanda ya yi zirga-zirgar kotu a Kano tsakanin 1976 da 2010 ya san Gwadabe Tafinta. Aikinsa shi ne lauya ya yi tambaya da Turanci, ya juya wa mai shaida da Hausa, sannan ya mayar wa alƙali amsar da Turanci. Aiki ne marar yabo. In an yi nasara lauya ake taya murna, in an faɗi a ce tafinta ne ya ɓata magana. Ni lauya ne, sunana Shehu Ƙasimu, haifaffen Dala. Ba ni ya kamata in fara rubuta masa ta'aziyya ba, domin akwai haƙƙinsa a wuyana wanda ban sauke ba har ya koma ga Allah. Wannan haƙƙin ne ya sa na ɗauki alƙalami, amma bari in fara da mutumin tukuna.

Malam yana da hali guda da kowa ya san shi da shi: ba ya yarda a jero tambayoyi a amsa su a dunƙule. Yakan ce mu Hausawa gaisuwa ce ta saba mana. A ce maka ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ka haɗa su duka ka ce lafiya lau, ko da kuwa yaro na kwance a gida. A zaure wannan ladabi ne. A kotu kuwa, in ji shi, mutum yakan riƙe tambayar ƙarshe da ta rage masa a kunne ya amsa ta, alƙali kuma ya rubuta cewa ya amsa duka.

Saboda haka ya tanadi wani ɗan littafi mai baƙin bango, inda yake tara kalmomin da Turawa ke amfani da su wajen tsara amsa. Wadda ya fi so ita ce seriatim, wato a bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya yadda aka jero su, ba tsallake. Akwai respectively, akwai in that order, akwai the former da the latter idan biyu ne kacal. Da yake ya yi karatun balaga, wato fasahar zance ta Larabci, a zaure kafin boko, yakan yi wa lauyoyi tsiya da cewa Larabawa sun riga Turawa gama wannan aiki: wanda ya bi jeri sun kira shi laffu wan-nashru murattab, wanda ya birkita jerin sun kira shi mushawwash. Sai ya nemi ka ba shi kalmar Turanci guda ɗaya tak, ta mutumin da ya fara amsawa daga ƙarshe ya dawo farko. Ka ce in reverse order, ya ce wannan kalma uku ce, Barista, ka je ka dawo. Wani babban lauya ya taɓa kawo masa wata mai asali da Girkanci, ya juya ta ya ce wannan ta mawaƙa ce, babu alƙalin da zai rubuta ta. Har ya rasu babu wanda ya gamsar da shi, kuma ina zargin bai so a gamsar da shi ba.

A unguwa, soron gidansa ofis ne marar allo. Daga la'asar zuwa magariba mutane ke kawo masa takardun asibiti, fom ɗin makaranta, wasiƙar fansho. Yakan ɗauki jan biro ya sa wa kowace tambaya lamba kafin ya yarda a rubuta ko harafi ɗaya. Wani direba a ma'aikatar gwamnati ya taɓa zuwa masa da takardar tuhuma mai tambaya biyar, yana so a fara da roƙo da lissafin 'ya'yansa. Malam ya sa shi ya amsa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗu laifin yake, direban ya so a zagaye ta. Malam ya ajiye biro ya ce in an tsallake ta huɗu, ita kaɗai za a karanta. Direban ya amsa laifinsa a layi biyu, aka ba shi gargaɗi, ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. Ko a cikin gida halin bai bar shi ba. Hajiya Mardiya, uwargidansa, takan tambaye shi ko ya ci abinci, ya sha magani, ya kira ɗansu Abdulmalik, sai ya ce e, e, a'a. Ita kuma ta ce masa gidan nan dai ba kotu ba ne.

Yanzu ga nawa labarin. A 1998 shekarata uku da fara aiki, ina ganin kaina kamar ni na ƙirƙiro shari'a. Na tsaya wa wani ɗan kasuwa da ya ce ya sayi wani gida a Soron Ɗinki daga hannun wani mutum da ya riga ya rasu. A cikin gidan akwai ƙanwar mamacin, wata dattijuwa da ake kira Gwaggo 'Yardada, wadda ta ce gidan gado ne, da rabonta a ciki, kuma ba ta san da wani ciniki ba. Abin da nake buƙata shi ne ta amsa da bakinta cewa a gabanta aka sa hannu. Na san ba za ta amsa ba in na tambaye ta kai tsaye, don haka na yi dabarar da na koya wurin manya. Cikin numfashi ɗaya na ce mata wanta ya sayar da gidan, tana wurin aka sa hannu, kuma ita ce ke zaune a ciki har yau, ko ba haka ba? Malam ya juya mata yadda na faɗa, bai rage ba bai ƙara ba. Tsohuwa ta gyara mayafi ta ce, "Haka ne, ɗana."

Na ga alƙali ya sunkuya zai rubuta, zuciyata ta yi fari. Sai na ji muryar Malam, ba sama ba ƙasa. Ya ce wa alƙali da Turanci, cikin girmamawa, mai shaida ta ce haka ne, amma tambayoyin uku ne, kuma shi a matsayinsa na tafinta ba zai iya rantsewa kan wadda ta amsa ba. Yana neman izini a amsa su seriatim. Na miƙe na yi ta kumfar baki cewa tafinta ba lauya ba ne. Alƙali ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ce ba ta sani ba. Ta biyu ta ce wallahi ba ta wurin. Ta uku ta ce e, a nan aka haife ta, a nan take. Bayan wata huɗu muka faɗi shari'ar, Gwaggo 'Yardada ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta.

Haushi ya hana ni barci na kwana da kwanaki. Na zauna na tsara takardar ƙorafi zuwa ga hukumar da ke kula da ma'aikatan kotu, na ce tafinta yana koya wa masu shaida amsa, har na yi shaguɓen cewa ruwa ba ya tsami banza. Na san ƙarya ne lokacin da nake rubutawa. Ban sa sunana ba. Na ba ɗan kasuwan ya sa hannu. Ba a kori Malam ba, don ba a same shi da komai ba, amma an ɗauke shi daga zauren kotu aka kai shi ɗakin ajiyar fayil, wai kafin a gama bincike. Shekara shida ya yi a can. Ƙarin girma biyu suka wuce shi, waɗanda ya koya wa aiki suka zama shugabanninsa, kuma da wannan matakin ya yi ritaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya ci gaba da mu'amala da ni. In na je neman fayil, shi zai tashi ya duba mini. Da na buɗe ofishina, shi nake kai wa takardun rantsuwa ya gyara mini Hausarsu. Ya zo sunan 'yata ta fari a ƙafa daga Sheshe zuwa Dala. Ranar da mahaifina ya rasu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Sannu a hankali na zama ɗan gida, har Hajiya Mardiya takan aiko mini da dambu in na zauna a soro. Sau da yawa na ɗauri niyyar faɗa masa, sai in ce a bar kaza cikin gashinta, tunda bai sani ba, me zai sa in tayar masa da tsohon miki. Haka na yi ta lallashin kaina shekara ashirin da shida.

Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa, Khadijat ta kira ni ta ce jikin Baba ya matsa. Na je bayan masallaci. Na same shi a kan katifa a ɗakinsa, ya rame ƙwarai, amma hankalinsa garau. Na shiga da niyyar in faɗi komai. Da na zauna sai ya yi mini kwarjini, bakina ya koma ga tsohuwar sana'arsa. Na ce, "Malam, ya jiki, ana dai shan magani, kuma in da wani abu da na taɓa yi maka a zaman tare, a yafe mini."

Ya dube ni, ya ɗaga yatsu uku da ƙyar.

"Barista, uku ka kawo. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Magani ana sha." Ya numfasa. "Ta ukun ba ta da suna. Ka sa mata suna, ka kawo ta ita kaɗai, zan amsa maka."

Babu faɗa a muryarsa, har da ɗan murmushi. Abdulmalik ya shigo da baƙi masu dubiya, na samu hanyar gudu, na ce zan dawo in na sauka daga Abuja. A cikin adaidaita, wajen Mandawari, abin ya faɗo mini. Ɗakin fayil aka kai shi. Duk takardar da ta shiga hukumar a ɗakin nan take ƙarewa, har da tawa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana sauraron Turancin lauyoyi kuwa ya san na kowa, kamar yadda ake gane tafiyar ɗan'uwa daga nesa. Ashe tun 1998 ya sani. Da saninsa ya zo sunan 'yata, da saninsa ya ɗauki gawar mahaifina. Ya kamata in ce wa mai adaidaita ya juya. Ban ce ba. Na ce ranar Laraba, in na dawo, zan je da safe kafin mutane su taru.

Malam, ka ce in sa mata suna. Ga shi, a inda kowa zai karanta. Ni, Shehu Ƙasimu, na rubuta takardar da ta kai ka ɗakin fayil. Na yi maka ƙazafi ina sane, saboda ka hana ni cin gidan tsohuwa da dabara. Kai ka yi aikinka daidai ranar nan, ni ne na ci amanar nawa. Ka buɗe mini ƙofa ranar Juma'a, na ƙi shiga don kunya, kuma yau kunyar da nake ji ta ninka waccan. Ina kewarka, ina kuma jin tsoron ranar da za a tsayar da mu gaban Wanda ba a ɓoye masa tambaya a cikin tambaya.

Ya Allah, ga bawanka Gwadabe ɗan Tanko ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka tabbatar da harshensa lokacin da mala'iku za su tambaye shi. Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa, ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mardiya, da Khadijat, da Abdulmalik, da jikoki, da jama'ar Sheshe, da tsofaffin abokan aikinsa. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. Hajiya, shekara shidan nan ba shi kaɗai ya yi su ba. Ke da yara kun sha naku rabon, kina kuma aiko mini da abinci ba ki san ko wane ne ke ci ba. Amsarsa ta wuce ni, bakin alƙalami ya bushe. Taku ce ta rage. Ranar Juma'a bayan masallaci zan zo in zauna a soro, kuma ba zan tashi ba sai kin aiko a ce in shigo ko in tafi.