Kano Ai Ba Ƙasar Waje Ba Ce

Shekarun baya, da nisa ƙwarai, ina saurayin malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tanout, ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Mu uku ne ba a ganin ɗaya babu biyu: ni, da abokina mai yi wa shanu allura wanda kowa ke kira likita, da abokinmu na gidan waya.

Shekarar nan ta tatse mu. Ni na ƙare ta ina bin iyaye gida-gida, ina roƙon su fito da yaran da suka ɓoye don kada su yi bokon nasara. Likita tun ɗaukewar ruwa yana bisa raƙumi, daga wannan rijiya zuwa waccan har kwarin Tarka, yana lallashin makiyaya su kawo shanu a yi masu allurar bushiya. Na gidan waya kuwa zama ne ya gajiyar da shi. Ya ce ya buga hatimi a kan saƙon da za shi kowace kusurwa ta duniya, shi ko Damagaram bai taɓa wucewa ba.

Shi ya kawo shawarar, wata la'asar muna shan shayi a ƙofar gidana. Ya ce in an ba mu hutun ƙarshen shekara mu ƙetare iyaka, mu yi bonane, wato bikin sabuwar shekara, a babban birni kamar yadda manyan ma'aikata ke yi. Sabuwar shekarar nasara ba sallarmu ba ce, amma ita ce lokacin da gwamnati ke kwance mana igiya. Nan take muka amince. Da na faɗa wa mahaifiyata za mu tafi bikin ƙarshen shekara, ta dube ni ta ce, "Bikin me? Wa ya haihu?" Na yi mata bayani har na gaji. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Shekara dai ko kun je ko ba ku je ba za ta ƙare."

Amincewa da tafiya ba ta yi wuya ba. Zaɓen gari ne ya kusa raba mu.

Na gidan waya ya ce Fallomi, can ƙasar Cadi. Wai akwai kogi, akwai kifi kamar a bankaɗe ƙasa, akwai kiɗa har gari ya waye. Ni na ce Kwatano, saboda teku. Shekara da shekaru ina nuna wa yara shuɗin fenti a taswira ina cewa wannan ruwa ne marar iyaka, ni kuwa ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne tabkin damina da jakai ke sha. Har na kai wa tela yadi ya ɗinka mani kwat, don a tunanina ba a tsayawa gaban teku da riga 'yar shara.

Likita ya ce, "Kano."

Muka yi dariya, mun ɗauka wasa yake. Na ce, "Likita, Kano ai ba ƙasar waje ba ce. Kowane ɗan ci-rani na Damargu ya san ta kamar bayan gidansu. In mun dawo me za mu ba mutane labari? Cewa mun ga dalar gyaɗa?"

Ya ce, "Ai da iyaka tsakani. Kuɗinsu ma daban."

Na gidan waya ya ce, "Garin da za ka tambayi hanya a amsa maka da harshen gidanku, wannan ziyarar dangi ce, ba yawon buɗe ido ba."

Haka muka yi ta yi, mako ya bi mako. Kullum bayan la'asar sai a ɗora shayi a ɗora gardama. Aka kirawo direban kamyo, babbar motar kaya, ya yi shaida, ya ce in Kwatano za mu, hutun zai ƙare muna bisa buhunan albasa. Aka tambayi wani tsohon soja batun Fallomi, ya ce hanya ce mai cinye taya da mutum. Duk wanda aka tambaya sai ya ƙara mana ciwon kai. Abin da aka shirya don hutu ya zama aiki na biyu. Likita kuwa ba ya jayayya, ba ya kawo hujja. A yi ta magana a gaji, a juyo gare shi, ya ce, "Ni dai Kano." Wannan taurin kai marar dalili ya fi komai ƙona mani rai.

Daga ƙarshe ni da na gidan waya muka haɗa baki. Na bar masa teku, na koma bayan Fallomi, don kawai mu zama biyu a kan ɗaya. Muka sanar da likita. Ya ce, "To, Allah ya kai ku lafiya." Ya tashi bai jira kofi na uku ba.

Ranar kasuwa na hango shi wajen masu sayar da igiya. Na matsa ta hagunsa, na yi sallama, na miƙa hannu. Hayaniya ta yi yawa, wataƙila bai ji ba, amma hannuna yana nan dab da kafaɗarsa. Bai ko waiwayo ba. Ya biya mai igiya ya wuce, ya bar ni da hannu a miƙe gaban iyayen yaran da nake koyarwa. Na koma gida ina huci. Mahaifiyata ta ji labari ta ce, "Wannan yaron ba shi da wulaƙanci. Je ka ji daga bakinsa."

Na same shi a bayan ofishinsu yana dafa allurai a tukunya. Na fara zazzaga masa abin da ke cikina. Sai ya juyo da dukan jikinsa, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, ya ce, "Dawo ta damana in gan ka."

Na koma ta damansa.

Ya ce tun bara idonsa na hagu ya fara rufewa daga gefe, kamar ana jan labule a hankali. Yanzu ba ya ganin komai da shi. Na dama ma ya soma, in ya dubi fitila sai ya ga ta yi zobe. A Tarka saura ƙiris bijimi ya farke masa ciki, don bai ga tahowar ƙahon ba. Wani Bafillace ne ya fizge shi.

Na ce, "Me ya hana ka zuwa asibitin Damagaram?"

Ya ce, "In na je, kafin in dawo labari ya riga ni zuwa teburin shugabana. Wa zai bar makaho da allura a hannu? Su sallame ni, in ci da tsohona da iyalina da me? An ce a Kano akwai asibitin ido. Can wata ƙasa ce, ba wanda zai aiko wa kowa da komai. Kuma in na tafi ni kaɗai za a yi tambaya. In mu uku ne, samari sun tafi bonane."

Ya roƙe ni kada in faɗa wa na gidan waya. Ba don mugun mutum ba ne, amma gidan waya mashigar kowa ce, shi kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Washegari na sauya baki, na ce na yi tunani, Kano ta fi. Na gidan waya ya kusa jefa mani butar shayi. Ya kira ni hawainiya, ya ce shekaranjiya teku, jiya kogi, yau Kano, gobe kuma sai in ce mu yi bonane a ƙauyen Gangara. Ya rantse ba za shi ba. Ranar tafiya muka tarar da shi ya riga mu hawa kamyo, ya ɗaure fuska, akwatinsa a cinya.

Tafiyar ba ta da abin ba da labari sai wahala. Rairayi ya riƙe motar kafin Damagaram, muka sauka muka yi ta turi cikin sanyi mai fasa leɓe. A iyaka aka zazzage mana kaya ciki da waje. Muka shiga Kano jiki duk ya mutu, muka sauka a Fagge gidan wani mutumin Damargu mai saukar baƙi.

Da safe na gidan waya ya sha kwalliya, yana lissafin silima da kasuwar Kurmi. Muka bi da shi wata hanya dabam. Sai da ya ga dogon layin mutane, kowa da ɗan jagora ko tsumma a ido, sannan ya tsaya. Ya dubi likita, ya dube ni. Likita ya faɗa masa komai a tsaye a bakin ƙofa.

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mani sauƙi. Ya ce, "Wato ni ne ba a iya faɗa wa magana." Ya cire hularsa ya karkaɗe ta, ya mayar. Sannan ya ce, "Likita, je ka zauna a inuwa. Ni zan riƙe layin."

Nan hutunmu ya ƙare, a kan benci. Faransancin da muke taƙama da shi a Tanout bai saya mana ko ruwan sha ba, harshen gidanmu da muka raina shi ya yi mana aiki. Baturen likitan ya duba shi, tafinta ya ce idon hagu ya riga ya tafi, jijiyarsa ta mutu. Na dama ana iya tsare abin da ya saura in an yi aiki yanzu. Ya ce da an ƙara 'yan watanni, da ba sauran magana.

Aka yi aikin. Aka naɗe masa idanu duka biyun, aka ce kada ya motsa kai. Mu muke ba shi kunu da cokali, mu muke kai shi bayan gida, mu muke kora masa ƙuda. Kwat ɗin da na ɗinka don teku ita na riƙa naɗewa ina matashi da ita a barandar asibiti. Wata safiya wata ma'aikaciya ta shigo tana murmushi, ta faɗi wata magana da Ingilishi. Muka amsa da "to". Sai da ta fita wani majinyaci ya ce mana barka da sabuwar shekara take yi mana. Ashe shekarar ta shigo tun jiya. Na gidan waya ya yi dariya har da hawaye, ban dai tabbata duka na dariya ba ne.

Muka dawo Tanout a makare, na sha faɗan darakta. Likita ya dawo da baƙin tabarau, aka ɗauka gayun Kano ne. Duk wanda ya tambayi labarin tafiya, na gidan waya ke amsawa. Ya ƙaga silimar da ba mu shiga ba, da rawar da ba mu gani ba, yana yi yana ƙara gishiri, har ni na fara jin kamar na je. Maganar ido kuwa ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Likita ya ci gaba da aikinsa da ido ɗaya har ya yi ritaya, sai dai ya koyi tsayawa yadda garke zai kasance a damansa.

Yau su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ni na saura, ina jin jikokina suna gardamar inda za su je hutun ƙarshen shekara, wannan ya ce nan, wancan ya ce can. Ba na sa baki. Abin da nake yi kawai, ina duban wanda ya fi kowa yin shiru a cikinsu. Na koyi cewa in mutum ya kafe a kan abu ba tare da hujja ba, sau da yawa hujjar tana nan, nauyinta ne ya hana ta fitowa cikin taro. Irin wannan ba rinjayarsa ake yi ba, janye shi gefe ake yi.

Har yanzu in na tuna tafiyar, gajiya ce ke fara zuwa mani kafin komai, bayana ya riƙa tuna katakon bencin nan. Abu ɗaya ne nake jin haushinsa: ranar da aka kwance masa bandeji, ba mu shaida ba. Bayan shekaru masu yawa, muna zaune da furfura, na tambaye shi abin da ya fara gani da aka buɗe idon.

Ya ce, "Ku biyu. Kun yi duƙun-duƙun, kun jingina da juna, kuna barci a zaune, baki buɗe. Baturen ya ce a tashe ku, na ce a'a, a bar su. Hutu suka zo yi."