Keken Da Na Zaɓa Da Ido

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, ina da shekara sittin da sauran ƙarfi a gwiwa. Na ƙudurta zan zaga ƙauyukan da na taɓa koyarwa a kan keke, daga Kazaure zuwa Roni, na faɗa Gwiwa, na ɓulla Babura. A Gwiwa akwai abokina da muka fara aiki tare, an aiko mini yana kwance ba lafiya, na ce a gaya masa ina tafe cikin mako.

Na ga wani keken gwanjo mai siraran tayoyi, mara nauyi, ya shiga raina. Mai gyaran keken unguwarmu, dattijo ne da ya girme ni, ya ce wannan na kwalta ne kawai, hanyata kuwa rabinta burji ce da yashi. Ya ce na nemi mai kaurin taya, kuma kariyar gaba, wato ƙarfen ɗora kaya, a ɗaure ta da noti a jikin ƙafafun keken, kada ta rataya a jikin kan keken. Na yi masa godiya, na sayi wanda nake so. Wani mai walda ya ƙera mini kariya, muka ɗaure ta a jikin kan keken da waya.

Har Roni ban ga matsala ba. Da na sauka daga kwalta sai kan keken ya fara rawa, ga jarkar ruwa da buhun tsaraba a gaba. A wata gangara mai tsakuwa wayar ta tsinke, kariyar ta zauna a kan taya. Na tashi a ƙasa da karyayyen ƙashin kafaɗa. Wani manomi ya ɗora ni a amalankensa, bai tambaye ni komai ba sai sunan garinmu.

Wata biyu na yi a kwance. A mako na uku abokina ya rasu. Ɗansa ya ce kullum da la'asar sai mahaifin nasa ya sa a fitar masa da tabarma ƙofar gida, yana jirana.

Ban daina hawa keke ba. Abin da na gane shi ne hanya ake fara dubawa kafin a zaɓi abin hawa, kuma wanda ya shekara yana gyaran abu ya fi mai sha'awarsa saninsa. In kuma mara lafiya za ku dubo, ku hau mota ku je yau.