Baba Ambrose, Makanikin da Ya Wanke Tagwai

Tun kafin jirgin ƙasa na safe ya yi kuka, Baba Ambrose ya share gindin mangwaronsa a Kakuri, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa. Sai ya yi addu'a a tsaye, ya karya da kunu da ƙosai, ya zauna jiran motar farko. Ba ya gaggawar buɗe bonet. Yakan ce wa direba, "Bar ta tana aiki tukuna," ya karkata kai yana saurare, sannan ya zagaya baya ya sunsuni hayaƙin salansa. Shekara goma sha biyu ke nan yana haka, tun dawowarsa daga soja, inda ya koyi gyaran mota. Ƙarshen watan nan na 1958 zai ajiye aiki, don ido ya gaji.

Direbobin Kakuri da kewaye kowa da abin da zai faɗa a kansa, amma labarin wani direba mai suna Tagwai ne ba a mantawa.

Saratu mutuniyar Kwoi ce. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da tsohuwar babbar motar soja da ya saya a gwanjo. Kafin rasuwarsa ya sa an ɗora wa motar kafireto, wato na'urar da ke auna wa inji mai, na wani injin da ya fi nata girma, don ta riƙa hawa tudu da lodin citta daga Kachiya. Tagwai ne direbanta, shekara shida. Kwatsam sai motar ta kama shan mai. Man da a da yake kai ta ya dawo da ita, yanzu sai ya ƙare tun ba a iso Kujama ba. Makanikai biyu suka duba suka ce lafiyarta ƙalau. Dangin miji kuwa suka ce ai magana a fili take: direba ne ke zuƙe mai yana sayarwa a hanya.

Wata ranar Litinin Saratu ta iso da motar, Tagwai na biye, kansa a ƙasa.

"Baba Ambrose, ka duba min ita sau ɗaya," in ji ta. "In ka ce lafiyarta ƙalau, yau zan karɓi makullina."

"Mama, wallahi ko ɗigo ban taɓa ɗauka ba," in ji Tagwai.

"Uwargida, ki ba ni zuwa la'asar," in ji Baba Ambrose. "Mota ba ta iya ƙarya ba. Bari mu tambaye ta."

Ya kwance fulogai shida, duk sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Zuciyarsa ta ba shi injin na samun mai fiye da cinsa, amma ya ga gara ya gwada tukuna, don ya san mutuncin mutum ne a hannunsa. Ya cire bututun tanki, ya ɗaure gwangwanin galan ɗaya ya haɗa shi da injin, ya sa Saratu ta zuba man da hannunta, ta shiga gaba. Shi ya karɓi sitiyari. Mil huɗu kacal suka yi motar ta mutu.

"Kin ga dai ni ne ke tuƙi," ya ce mata. "Ko ni ma ɓarawo ne?"

Ya mayar da bututun tanki suka koma, ya buɗe kafireto. A ciki akwai wani ɗan ƙoƙon tagulla rufaffe da ke yawo a kan mai. In man ya cika, shi ke tashi ya toshe hanya. Ya girgiza shi a kunnen Saratu, ta ji ruwa na motsi a ciki. Ya tsoma shi a ruwan zafi, sai ga kumfa na fita ta wata 'yar huda kamar bakin allura. Ƙoƙon ya sha mai ya nutse, man na ta kwarara ba mai tsayar da shi, ga kafireton da ma ya yi wa injin yawa. Ya busar da shi, ya liƙe da dalma, ya sauya ƙofar man da matsattsiya. Aka sake zuba galan ɗaya, suka yi mil goma sha ɗaya.

Da suka dawo, Saratu ta kira Tagwai. Sannan, a gaban direbobin da suka taru, ta ce, "Tagwai, na zalunce ka. Ka yafe min." Tagwai ya juya baya yana share ido da hularsa. Har yau shi ke jan motar.

Kai ne, Baba Ambrose, ba ka yanke hukunci sai ka gwada. Kai ne ka zo daga gabas baƙo, ka zama uban direbobin Kakuri, mai kunnen da inji ba ya ɓoye wa ciwonsa. Mun gode. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu riƙe da sana'a, kowace iri ce, ku yi koyi da shi. Wata rana za a kawo muku ƙarfe a ce ku duba, alhali sunan wani bawan Allah ne aka ɗora a tafin hannunku. Ku duba da kyau.